Riga Mai Hannu Huɗu

Duk wanda ya taso a birninmu ya san layin 'yan gwanjo, kuma hancinsa ne ke riga ƙafarsa isa. Wani wari ne da ba shi da na biyu, rabinsa magani rabinsa tsohon akwati. Shekara goma sha tara na yi a bakin layin nan da kekena na ɗinki, cikin wani ɗan shago da in na miƙe hannuwa sai in taɓa bango biyu. Aikina rage wando, ɗage hannun riga da sauya zik. Mutum zai sayo kwat da za ta ɗauki mutum biyu, ya dire min ita ya ce in mayar da ita tasa, kuma kada kowa ya gane.

Daga farkon layi masu zubawa a ƙasa ne, suna kaɗa ƙararrawa suna kiran a zo a tsinta. Gaba kaɗan sai masu rataye, waɗanda ke goge kaya su ninka kuɗin. Can ƙarshe kuma shagon gidan marayu, inda masu hali ke kai tufafin da suka gaji da su, a sayar a ciyar da yaran. Wata dattijuwa ce ke tsaronsa, muna ce mata Uwar Shago. Tabarau ɗinta kullum a ƙarshen hanci, kuma ba ta ragi ba ta ƙari.

A shagonta ne lamarin mijin yayata ya samo asali. Ma'aikacin hukumar ruwa ne, mai bi gida gida yana karanta mita. Wata rana ya tsinci wata kwat ruwan toka ta ulu na gaske a kan kuɗin burodi biyu. Ya sa ta ya tafi ofis, sai shugabansu ya tsayar da shi ya tambaye shi wane tela ne ya ɗinka masa. Shi ke nan, tun daga ranar kan mutumin nan bai sake komawa daidai ba.

"Ku da ido kuke sayen gwanjo, shi ya sa ake cutarku," haka yake faɗa wa duk wanda ya zauna a bencin shagona. "Ni da hanci nake saye. In na shinshina riga sau ɗaya, zan gaya maka ƙasar da ta fito, shekarun mai ita, da ko yana shan taba."

Sunan Mai-Hanci ya bi shi har gida. Hancin nan kuwa ya taɓa sayo wa Yaya takalmi mai kyau ƙwarai, sai dai duka biyun na ƙafar hagu ne. Ya taɓa sayo labule ya ce mayafi ne. Amma kwat ɗaya tilo ta shafe wannan duka a wurinsa.

Ranar da ya yi ritaya, ya zo shagona da ƙafa, ba a kan babur ɗinsa ba, yana ta fara'a.

"Yallaɓai, ina babur ɗin?" na tambaye shi.

"Na sayar."

"Yaya ta sani?"

"Za ta sani ranar da na saya mata mota. Rufe shagon nan, Tela, ka raka ni. Na daina tsintar riga ɗaya ɗaya kamar kaza. Dila guda zan sayo. Wata shida, shago uku. Kai ma in ka yi ladabi in ɗauke ka aiki."

Muka tafi sito, inda diloli ke jibge har rufi, kowace an matse ta an ɗaure da waya, da takarda a jiki mai nuna abin da ke ciki. Mai sito ya nuna mana ta wandunan maza da ta rigunan mata. Mai-Hanci bai ko kalle su ba. Ya wuce can lungu, wurin wata dila da ƙura ta lulluɓe, takardarta ta yage saura ɗan ɓallen kusurwa. Ya durƙusa, ya kafa hanci a jikin buhun, ya lumshe ido ya ja numfashi.

"Ulu," ya ce a hankali. "Kwat-kwat na manyan mutane. Har ina jin ƙanshin kujerar jirgin sama."

"Ni dai ban san abin da ke cikinta ba," in ji mai sito. "Shekararta biyu a nan. Rabin kuɗi zan ba ka, amma ka ji da kyau, abin da ya fita ƙofar nan ba ya dawowa."

Na ja shi gefe. "Yallaɓai, araha fa ba ta ado."

"Kai da allura ka sani. Bar wa masu hanci kasuwa."

Muka ɗora ta a kura, mai kura na ja muna turawa. Kafin mu kai gida, Mai-Hanci ya yi wa mutum bakwai alkawarin kwat: mai kantin bakin titi, direban da ke ɗakin ƙasa, mai aski, har da wani da ya tsaya tambayar hanya kawai.

Gidan da suke haya mai hawa biyu ne, iyali takwas, da tsakar gida ɗaya inda kowa ke wanki da shanya. Su a sama suke. Dilar ta shiga ƙofar bene rabi ta tsaya, ba gaba ba baya. Direba ya maƙale a ciki yana son fita aiki, matar mai aski ta maƙale a waje da bokitin ruwa a ka. Yaya ta leƙo ta taga.

"Baban yara, mene ne wannan?"

"Arzikinki ne ya zo."

"To arzikin ya tare wa mutane hanya. Ina babur?"

"Tela, tura!" ya daka min tsawa, kamar bai ji ta ba.

Da ƙyar muka fizgo ta baya. Tunda ba za ta hau sama ba, dole a buɗe ta a tsakar gida. Kafin a samo filaya, gidan ya cika, har maƙwabta na haure katanga da ido. Mai-Hanci ya naɗe hannun riga, ya yi ɗan jawabi a kan bambancin mai sani da mai zato, sannan ya hau kan dilar ya datse wayar tsakiya.

Abin da aka matse shekara biyu ba ya fita da sallama. Dilar ta yi wani irin tsalle, ta watsar da shi, ya faɗa zaune daɓas cikin bahon wankin Nas, wata ma'aikaciyar asibiti da ke ɗakin kusa da famfo. Kumfa ta tashi, kaya suka yi ta zubowa kamar ruwan sama: ja, shuɗi, rawaya, masu ɗigo ɗigo.

Mai kanti ya ɗaga guda da yatsa biyu. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba.

"Mai-Hanci, wannan ce kwat ɗin tawa? Manyan mutanen can ƙasar ƙanana ne haka?"

Aka kwashe da dariya. Da wani ne, da tuni ya nemi ƙasa ta tsage. Shi kuwa ya tashi daga baho, ruwa na ɗiga daga wandonsa, ya karɓi rigar ya shinshina.

"Abin nema ya samu! Kayan jarirai ne, na 'ya'yan manya. Kwat sau ɗaya mutum ke saye a shekara goma. Jariri fa? Kullum ana haihuwa, kullum suna girma. Dama abin da nake nema ke nan, ban faɗa ba ne don gudun baki."

Na ɗauki ɗaya na juya ta. Ulu ne mai laushi, ɗinki mai kyau, a nan hancinsa bai yi ƙarya ba. Amma tunda nake ɗinki ban taɓa ganin irin yankan ba.

"Yallaɓai, hannunta huɗu ne."

"Biyu na hannu, biyu na ƙafa. Kai wane irin tela ne?"

"Duka huɗun gaba suke kallo."

"Jariri ba rarrafe yake yi ba? In ka tashi rarrafe, ina hannunka da ƙafarka ke kallo?"

Matar mai aski ta zura yatsa a wani rami da ke ƙasan bayan rigar. "Wannan hudar fa?"

"Ta duba nafkin ce. Ba sai kin tuɓe yaro cikin sanyi ba, leƙawa kawai za ki yi."

"Wannan zoben ƙarfen na gadon baya fa?" in ji Nas, tana matse zanen da ya zauna a kai.

"Haba Nas, ke da kika yi karatu! In yaro ya nufi murhu, nan za ki kamo shi."

Yaya ta sauko, ta ɗauki wata shuɗiya mai zanen ƙasusuwa birjik. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta kalli mijinta.

"Ƙashi kuma a rigar jariri?"

"Fata ne nagari, yaro ya yi ƙashi mai ƙwari. Mutanen can ba sa yin abu a banza."

 Ta ninke rigar ta ajiye, ta ce da ni a hankali, "Jikana dai ba zai sa wannan abin ba." Ta hau sama.

Abin mamaki, kaya suka fara tafiya. Sanyi ya shigo, rigunan na da ɗumi, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Matar mai aski ta saya wa ɗanta mai wata takwas ja mai hula. Hular na da wasu aljihu biyu dogaye a sama, Mai-Hanci ya ce na iska ne. Yaron ya yi ta rarrafe a tsakar gida, in ya nufi rariya uwar ta sa yatsa a zobe ta ɗago shi. Mata suka ga abin da idonsu, kafin kwana uku an sayi ashirin. Matsala ɗaya, in aka ɗauki yaro a kafaɗa sai hannuwansa da ƙafafunsa su miƙe gaba kamar tebur da aka kifa. Mai-Hanci ya ce hakan na gyara ƙashin baya.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce masa mu kai wa Uwar Shago ɗaya ta duba, tunda ba irin tufar da ba ta ratsa hannunta ba.

"In kai wa mai sayar da kwancen mutane kayana ta yi min fassara? So kake ta ga samfurin ta je ta sayo irinsa? Ranar rigakafi zan kafa tebur a ƙofar asibitin unguwa. Uwa ɗari a wuri ɗaya, Tela. Ɗari!"

A ƙasan dilar akwai manya manya guda biyar da ba jaririn da zai cika su. Ya zaɓi mafi girma, baƙa mai ratsin rawaya, ya kawo min ya ce in toshe hannuwan ƙasa in mayar masa da ita falmaran, don mai kaya shi ke fara tallan kayansa. Na ce in cire zoben bayan. Ya ce in na taɓa zoben nan, ni da shi har abada.

Ranar rigakafi da hantsi ya kafa teburinsa jikin ƙyauren asibiti, sanye da falmaran ɗinsa, ni kuma ina miƙa kaya don Yaya ta ce in bi shi in ga ƙarshen abin. Mata sun yi layi har titi, kuma cikinsu akwai 'yan unguwarmu da jariransu cikin rigunan, abin da ya fi kowane talla. Ya ɗaga murya:

"Ku matso, iyaye mata! Rigar 'ya'yan manya! Mai ƙofar nafkin, mai zoben tsaro! Ɗan minista ma ita yake sawa!"

Ciniki ya kankama. Yana cikin nuna wa wata mai tagwaye yadda ake zura ƙafa, sai wata farar mota ta tsaya a ɗaya gefen titi, gaban shagon likitan dabbobi. Wata mata mai baƙin tabarau ta fito, ta buɗe ƙofar baya, ta ce, "Sauko, ɗan lele."

Wani ɗan kare fari mai gashi buzu buzu ya diro. Yana sanye da jar riga mai hula. Kunnuwansa biyu na cikin aljihun nan na iska. Igiyarsa na maƙale a zoben gadon baya. Ta hudar duba nafkin kuwa, wutsiya ce ta fito tana kaɗawa.

Matar mai aski na tsaye daf da titi da ɗanta a kafaɗa, cikin jar riga mai hula. Ta kalli karen, ta kalli ɗanta. Ta sake kallon karen. 

Matar nan mai mota ta hango teburinmu, fuskarta ta washe. Ta tsallako da karenta.

"Kai, amma na ji daɗi! Malam, nawa kake sayar da rigunan karnukan nan? Wata shida ina nema a garin nan ban samu ba."

"Hajiya," in ji Mai-Hanci, muryarsa ta sirance, "ai ke ce kika sa wa karenki rigar jarirai."

"Rigar jarirai da ramin wutsiya?"

Abin da ya biyo baya, ni a ƙarƙashin tebur na ga yawancinsa. Mata suka shiga tuɓe yara a tsaye, riguna na tashi sama suna sauka a kan Mai-Hanci.

"Ɗana ka mayar kare?"

"Kwana biyar ina ɗaga yarona da zobe!"

"Ni har hoto na yi masa na tura wa dangin uwarsa!" in ji mai aski, wanda ya rako matarsa. "Surukata ta ce ya yi kyau!"

Nas ta fito daga ciki da farin kayanta, ta riƙe ƙugu tana dariya har da hawaye. "Fata nagari, ko? Ƙashi mai ƙwari!"

Mai-Hanci ya ga ba sarki sai Allah, ya juya zai tsere ta ƙaramar ƙofa. Zoben falmaran ɗinsa ya sarƙe a ƙugiyar ƙyaure. Ya yi ta gudu a wuri ɗaya, ƙafafu na aiki jiki bai motsa ba, ɗan karen nan na zagaya shi yana haushi. Mai tagwaye ta zo ta tsaya a gabansa.

"Ka ga amfanin zoben tsaro," ta ce. "In yaro ya nufi murhu, nan ake kamo shi."

Sai da ya mayar wa kowace kuɗinta, yana rataye, sannan mai gadin asibiti ya zare shi.

Da la'asar muka tura sauran kayan a kura zuwa shagon gidan marayu, don ya ce ba ya son sake ganinsu, sadaka zai bayar. Uwar Shago ta ɗaga ɗaya, ta dube ta ta saman tabarau, ta dube shi.

"Ɗana, Allah ya ba da lada. Amma marayun namu duk ƙafa biyu gare su."

Haka muka juyo da su gida. Kwana shida Mai-Hanci bai leƙa ko taga ba. In ya ji mai aski na wasa aska a tsakar gida sai ya ƙara jan bargo.

Yaya ce ta tashi. Ta wanke rigunan tas, ta goge, ta jera su a kwali daga ƙarami zuwa babba, ta sa ni na ɗauka muka nufi shagon likitan dabbobi. Ashe matar nan mai mota ta riga ta baza labari a cikin ƙawayenta, likitan har ya gaji da tambaya. Ya ware wa Yaya kantar jera kaya guda a shagonsa. Riga ɗaya a can ta fi kuɗin biyar a teburin Mai-Hanci. Kafin sanyi ya wuce dila ta ƙare ƙaf, masu karnuka na neman ƙari, ni kuma na warware guda na fitar da yankanta, na shiga sayo tsofaffin rigunan sanyi wurin Uwar Shago ina ɗinka sababbi. Ban taɓa zaton a sana'ata zan auna ƙirjin kare da tef ba, amma sun fi wasu mutanen tsayawa wuri ɗaya.

Da labari ya kai kunnen Mai-Hanci, sai ga shi ya sauko tsakar gida da kwat ɗinsa ruwan toka, ya ja kujera ya zauna a tsakiyar mutane.

"To, yanzu wa ya yi dariya? Kasuwar da ba kowa a cikinta na buɗe. Zancen jarirai dabara ce, don a san kayan. Ba don tarzomar nan ba, da yaushe masu karnuka za su ji labari?"

"Ratayar da ka yi a ƙyaure ma dabara ce?" in ji direba.

"Talla ce. Ku ba ku san kasuwanci ba." Ya juya wajen Yaya, wadda ke shanya. "Uwar yara, na hango wata dila a sito jiya. Takalma ne, fata zalla, tun daga bakin ƙofa na ji ƙanshinta. Ki ba ni jari daga cinikin nan."

Yaya ta yarfe zanen da ke hannunta, ta rataya, ta maƙala masa abin matsewa.

"Je ka, Baban yara, ban hana ka ba. Amma kafin ka biya, ka sa a buɗe ka ƙirga. In ka ga suna zuwa huɗu huɗu, to ka sayo, ina da masu so."